Ina zan samu tsofaffin littattafan Yahudawa na rubutun hannu a intanet, waɗanda za a amince da su?

Abu Hafsa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema. Ina digiri na biyu a fannin nazarin addinai, aikina a kan tarihin nassin Attaura ne da sauran littattafan Bani Isra'ila. Jiya mai duba aikina ya dawo min da babi na biyu, duk ya zane shi da jan biro. Duk inda na ce "wani tsohon kwafi ya nuna kaza", sai ya rubuta a gefe: wane kwafi, yana ina, wa ya gan shi? Ba ni da amsa, domin yawancin abin daga bidiyo na kwaso shi da shafukan masu muhawarar addini. Ina zan je in ga littattafan da idona? Kuɗin jirgi dai babu, sai waya da data.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Akwai bidiyon da ya zaga a WhatsApp na wata Attaura da aka kama a Turkiyya, baƙar fata da rubutun ruwan zinare, an ce ta haura shekara dubu biyu. Ko in turo maka?

Malamar Laburare: Maman Ilham, don Allah kada ki turo masa, irin wannan ne ya jawo masa jan biro. Littattafan nan masu ruwan zinare da ake nunawa bayan kamen 'yan sanda, masana sun sha duba hotunansu, sai a tarar da haruffan Ibrananci an jera su ba ma'ana, wani lokaci ma a juye, da zane-zanen da ba su dace da zamanin da ake faɗa ba. Don kasuwa ake ƙera su.

Abu Hafsa, ƙanena, kafin a ba ka sunan kowane shafi, riƙe wannan. Shekarata goma sha biyar ina aiki a sashen littattafan rubutun hannu, abin da na fi maimaita wa ɗalibai shi ne: kowane littafi na gaskiya yana da gida, yana da lamba. Gida shi ne laburare ko gidan tarihin da ke ajiye da shi. Lamba ita ce wadda aka rubuta a jikin akwatinsa, wadda idan ka ba ma'aikaci zai shiga ciki ya ɗauko maka shi. Wanda ya ce maka "an gano wani tsohon littafi" bai faɗi gida da lamba ba, labari ya ba ka.

Sannan ka raba abu uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai hoton shafin kansa. Akwai kwafin da wani masani ya buga da na'ura bayan ya karanta hoton, wanda a cikinsa yakan cike gurbin da gara ta ci da hasashensa. Akwai kuma fassara. Kowanne da matsayinsa, kuma a aikinka dole ka faɗi wanne ka riƙa.

Malamin Ibrananci: Na gode Malama, kin share mini hanya. Ni ina koyar da Ibrananci a wata makarantar tauhidi a Filato, bari in fara da mafi tsufa.

Naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, waɗanda makiyaya Larabawa suka fara tsinta a kogo kusa da Kumran a 1947. Daga nan zuwa 1956 an same su a koguna goma sha ɗaya, littattafai sama da 900, amma yawancinsu gutsattsari ne, wasu ba su kai tafin hannu ba. Wuri biyu za ka je. Na farko shi ne Leon Levy Dead Sea Scrolls Digital Library, na hukumar kayan tarihi ta Isra'ila, an buɗe shi a Disamban 2012, kyauta ne. A nan dubban gutsattsarin suke, kowanne da hoto mai launi da kuma wanda aka ɗauka da hasken da ido ba ya gani, wanda ke fito da tawada a inda fata ta yi baƙi ƙirin. Na biyu shafin gidan tarihin Isra'ila ne, da aka buɗe a 2011, inda manyan naɗaɗɗun suke. A can za ka ga littafin Ishaya, tsawonsa ya ɗara mita bakwai, ginshiƙan rubutu 54, surori 66 duka, an rubuta shi wajen ƙarni na biyu kafin Miladiyya.

Lambarsu ma tana da sauƙi. Idan ka ga 4Q51, ma'anarsa kogo na huɗu, Kumran, littafi na 51. Wannan kwafin littafin Sama'ila ne. 11Q5 kuma Zabura ce daga kogo na goma sha ɗaya. Da lambar za ka yi nema, ba da "tsohuwar Attaura" ba.

Matashin Fagge: Ni fa ina da ja. Duk shafukan nan na Isra'ila ne. Yaya za a yi mu amince da abin da suka ga dama suka ɗora? Mai kaya shi ke nuna abin da yake so a gani. Wa ya san abin da suka ɓoye?

Malamin Ibrananci: Tambayarka tana kan hanya, ba zan kauce mata ba. Batun mallaka akwai rigima a kansa har yau. Yawancin gutsattsarin suna gidan tarihin Falasɗinu ne a gabashin Ƙudus, a ƙarƙashin Jodan, har yaƙin 1967 ya sa suka koma hannun Isra'ila, kuma Jodan da Falasɗinawa ba su daina cewa nasu ba ne. Wannan magana ce ta haƙƙi.

Amma batun ko an taɓa rubutun, akwai hanyar bincikawa. Tun a shekarun 1950, kafin su shiga hannun Isra'ila, an ɗauki hoton gutsattsarin a wancan gidan tarihi, kuma mai ɗaukar hoton Balarabe ne ɗan Ƙudus, Najib Albina. Littafin Ishaya kuwa John Trever ya ɗauke shi tun 1948. Waɗannan tsofaffin hotuna sun bazu a duniya. A 1991 laburaren Huntington da ke Kalifoniya ya buɗe nasa kwafin ga kowa, bayan shekaru ana kukan cewa ƙaramin rukunin masana sun riƙe kayan sun hana wasu gani. Kukan gaskiya ne, an yi jinkiri mai muni, amma ya ƙare. An buga su a jerin mujalladai arba'in na Oxford. Kana iya ɗora hoton da aka ɗauka zamanin Jodan kusa da na yau ka gwada da kanka. Naɗaɗɗen tagulla ma, wanda aka samu a kogo na uku a 1952, yana Amman har gobe.

Matashin Fagge: To na ji wannan. Amma na karanta cewa an kama na jabu a Amurka.

Malamar Laburare: An kama, kuma wannan labarin hujja ce ga abin da na faɗa ɗazu. Gidan tarihin Baibul da ke Washington ya sanar a Maris 2020 cewa gutsattsari 16 da ya saya duk jabu ne. Suna cikin waɗanda suka ɓullo a kasuwar kayan tarihi bayan 2002, ba wanda ya san kogon da suka fito. Tsohuwar fata aka samu aka yi sabon rubutu a kai, da aka duba da madubin ƙara girma sai ga tawada ta gangara cikin tsagar fatar, alamar fatar ta riga ta tsufa ta tsattsage kafin alƙalami ya hau ta. Abin da ya fi ba ni takaici, wasu daga cikinsu sai da aka buga su a littafin ilimi kafin asiri ya tonu. Saboda haka, ban da gida da lamba, ka ƙara tambaya ta uku: ta wace hanya ya iso gidan? Kamar isnadi ne. Matani ko ya yi kyau, in an rasa wanda ya karɓo daga wa, sai a dakata.

Baba Alaramma: Madalla da wannan misali, 'yata. Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ja hankalin ɗanmu Abu Hafsa a kan niyya. Na san da yawa daga yaranmu suna shiga wannan fage ne don su samo abin jifa a muhawara, nan Musulmi ya ɗauko, can Kirista ya ɗauko. Wanda ya shiga da haka, abin da yake so kawai zai gani. A Bukhari an ruwaito cewa kada ku gaskata Ma'abota Littafi kuma kada ku ƙaryata su. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Ka ga bai dogara da a ce masa an ce ba. In za ka yi, ka koyi baƙaƙen, ka faɗi abin da ke shafin, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba.

Abu Hafsa: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma rabin wata? Ni ko harafi ɗaya ban sani ba.

Malamin Ibrananci: Baba ya faɗi gaskiya, kuma ku da kuka yi allo kun fi ɗalibaina saurin kamawa. Baƙaƙen 22 ne, daga dama zuwa hagu, kuma jerinsu shi ne abajada irin ta mutanen gabas: alef, bet, gimel, dalet, wato abajada, he, waw, zayin, hawwaza, haka har ƙarashat. Babbaƙu da farfaru ne sak. Littattafan Kumran babbaƙu ne zalla, babu wasali. Wasulan da ɗige-ɗigen sai bayan ƙarnuka malaman Masora suka sa, musamman na garin Ɗabariyya.

Wannan ya kawo mu zango na biyu. Kundin Halab, wanda aka rubuta a Ɗabariyya wajen shekara ta 930, Haruna ɗan Ashir ne ya yi masa wasali, kuma shi ake ɗauka mafi inganci. Ya daɗe a ajiye a majami'ar Yahudawan Halab a Siriya, sai dai bayan tarzomar Halab ta Disamban 1947 wani ɓangare ya ɓace. Ya isa Ƙudus a 1958, ganye 295 ne suka rage, kuma kusan duk Attaura ba ta ciki, abin da ya saura ya fara ne daga sura ta 28 ta Maimaitawar Shari'a, littafi na ƙarshe cikin biyar na Attaura. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta "kamar yadda yake a Farawa cikin kundin Halab", alhali shafin babu shi. Wanda yake cikakke shi ne kundin Leningrad, an rubuta shi a Alƙahira a 1008 ko 1009, marubucinsa Sama'ila ɗan Yaƙub, yana laburaren ƙasa na Rasha a Saint Petersburg, wadda a da ake kira Leningrad, lambarsa B19a a tarin Firkovich. A kansa aka gina bugun Ibrananci da muke koyarwa da shi. Hotunansa suna Internet Archive.

Ga aikin gwaji da zai nuna maka amfanin abin. Buɗe Sama'ila ta fari, sura 17 aya 4, tsayin Goliyat, wanda kuke kira Jalutu. Leningrad ya ce kamu shida da taƙi. 4Q51 ya ce kamu huɗu da taƙi, haka tsohuwar fassarar Girkanci, haka ma Yusufus masanin tarihi. A ɗaya gefen kuma, ka jera Ishaya na Kumran da na Leningrad, shekara sama da dubu tsakaninsu, za ka ga bambance-bambancen suna da yawa amma mafi rinjayensu na rubutun kalma ne da nahawu, littafin dai shi ne. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ya kamata su shiga babinka.

Maman Ilham: Ni Sefaria nake amfani da shi a waya, yana da sauƙi. Shi ma ba a yarda da shi ba ne?

Malamar Laburare: An yarda da shi ƙwarai, a matsayinsa. Sefaria taska ce ta nassoshi bugaggu da fassara: Attaura, Mishna da Talmud (manyan littattafan shari'a na malaman Yahudawa), sharhohi, kuma yana haɗa aya da duk inda aka yi maganarta. Don neman wuri da fahimtar ma'ana babu kamarsa. Amma abin da kike karantawa a can nau'i na biyu da na uku ne a rabon da na yi. In ana son ganin Talmud na rubutun hannu, sai a nemi kundin Munich, lamba 95 a sashen Ibrananci na laburaren jihar Bavaria, na wajen 1342, shi kaɗai ne ya tattara kusan duk Talmud na Babila a kundi ɗaya, kuma sun ɗora shi kyauta.

Abu Hafsa, ƙofar da za ta rage maka yawo ita ce Ktiv, ta laburaren ƙasa na Isra'ila, an buɗe ta a 2017. Tun 1950 suke bin laburaren duniya suna ɗaukar hoton duk wani littafin Ibrananci na rubutun hannu, na Oxford, na Vatican, na Faris, na Parma, na Rasha. Ko ba ka samu hoton ba, domin wasu masu kayan ba su yarda a nuna a waje ba, za ka samu gida da lamba da bayanin littafin. Wata shawara kuma daga abin da ya same mu: duk shafin da ka yi amfani da shi, sauke shi ka rubuta lambarsa da ranar da ka gani. Laburaren Birtaniya ya ɗora ɗaruruwan littattafan Ibrananci, sai masu kutse suka afka masa a Oktoban 2023, aka daɗe ba a iya buɗe hotunan. Wanda bai sauke ba ya sha wuya.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Kun yi ta magana ba ku taɓo wurin da ya fi kusa da mu ba, wato Ganizar Alƙahira. Ni a Masar na yi karatu, na je majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ da ƙafata. Al'adar Yahudawa ce ba sa yar da takardar da ke da sunan Allah, kamar yadda mu ma ba ma barin takardar Alƙur'ani a ƙasa. Sai suka riƙa zuba tsofaffin takardu a wani ɗaki na majami'ar, wanda ake kira Ganiza, kusan shekara dubu. A 1896 wasu tagwaye mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter na Cambridge wani ganye da suka sayo, ya gane Ibranancin littafin Ben Sira ne wanda aka ɗauka ya ɓace. Ya tafi Alƙahira ya kwaso gutsattsari kusan 193,000. Shi ya sa lambobin Cambridge ke farawa da T-S, wato Taylor, wanda ya ɗauki nauyin tafiyar, da Schechter. In an haɗa da na sauran laburare, ana lissafa wajen 400,000.

Abin da zai ba ka mamaki, Abu Hafsa, kaso mai yawa ba Ibrananci ba ne. Larabci ne da baƙaƙen Ibrananci. Ajami ne nasu. Yadda kakanninmu suka ari baƙaƙen Larabci suka rubuta Hausa, suka ƙara ɗigo don sautin da babu, haka su ma suka sa ɗigo a kan kaf ya zama kha, a kan tsade ya zama lādi. Sa'idu Alfayyumi, wanda suke kira Sa'adiya Ga'on, ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci. Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, da wannan rubutu ya yi Dalalatul Ha'irin, kuma an samu ganyayyaki da rubutun hannunsa a cikin Ganiza, har da inda ya soke kalma ya gyara. Kai da ka iya Larabci, baƙaƙe 22 ne kawai tsakaninka da wannan taska. Bature mai nazarin fannin sai ya shekara yana fama da Larabcin da kai ka tashi da shi.

Hotunan Cambridge suna Cambridge Digital Library. Friedberg Genizah Project ya tattaro na laburare da yawa wuri ɗaya, sai ka yi rajista amma ba a biya. Princeton Geniza Project kuma ya fi ƙarfi a wasiƙu da takardun kotu da na ciniki, sau da yawa da hoto da kwafin da aka buga gefe da gefe, wanda shi ne ya fi dacewa da mai koyo.

Matashin Fagge: Wannan na Ajami ya shige ni. Amma wasiƙun 'yan kasuwa me za su yi wa mai nazarin Attaura?

Ɗan Damagaram: Hannu za su koya masa. Rubutun Attaura a tsare yake, kowa zai iya bi. Wasiƙa kuwa da sauri ake yin ta, baƙaƙe na hawa juna. Wanda ya saba da ita, sharhin da aka cusa a gefen shafi ba zai gagare shi ba. Kuma a Ganiza ɗin akwai dubban ganyayyakin Attaura da Zabura, wasu da wasalin Babila wanda ake sa wa a saman baƙi, daban da na Ɗabariyya.

Malamin Ibrananci: Ƙari ɗaya, tunda an zo Afirka. Littafin Anuhu, wanda aka samu gutsattsarinsa da Aramiyanci a kogo na huɗu, cikakkensa da harshen Ge'ez kaɗai ya tsira, a hannun cocin Habasha. In aikinka ya kai can, sai mu sake zama.

Abu Hafsa: Jama'a, na dawo bayan kwana goma sha biyu. Na rubuta baƙaƙen a kwali na manna a bango, kullum bayan asuba ina bi. Na buɗe 4Q51, na daɗe ina lalube kafin na gane gutsuren da ake nufi, kuma ba don Malamin Ibrananci ya nuna min layin ta saƙo ba da ban same shi ba. Na cire wurare bakwai daga babin saboda na kasa samo musu gida da lamba. Sauran na gyara, kowanne da lambarsa.

Daren jiya kuma na buɗe wata wasiƙa a shafin Princeton, na rufe kwafin da aka buga da hannuna, na bi hoton baƙi bayan baƙi. Kaf, taw, alef, bet, yod. Kitabi. Na ci gaba, sai ga ya sayyidi wa maulaya, aɗalallahu baƙa'aka. Wato Allah ya ja zamaninka. Sai da na tashi na zaga ɗaki. Yaya Ɗan Damagaram, a layi na huɗu akwai gimel da ban gane ba, wani wuri yana fita jim, wani wuri in na karanta da jim kalmar ba ta ba da ma'ana.

Ɗan Damagaram: Gwada shi da gain. Gimel tana ɗaukar duka biyun, kuma marubuta da yawa ba sa damuwa da sa ɗigon. Haka dalet, dal ce kuma zal ce. Turo min lambar takardar in duba layin da kai bayan la'asar.